Ku Tambaya Mu Amsa: Aikin Bishara, Sana'a da Raya Karkara a Kudancin Nijar

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata galibinsu a kan abu ɗaya suke: yadda ikilisiyoyi ke haɗa aikin bishara da sana'a ko ayyukan raya ƙauye, musamman a ƙasar Maraɗi da Damagaram. Mun zaɓi biyar, mun taƙaita su.

Ikilisiyarmu za ta aike ni wani ƙauye a jihar Maraɗi. Dattawa sun ce za su riƙe ni shekara biyu, daga nan sai sana'a ta ci da ni da iyalina. Wani ɗan'uwa ya yi alkawarin saya mini injin niƙa. In karɓa? — Mai bishara, daga Malumfashi

Malam, tukuna dai. Kafin ka amsa masa, je ka kwana bakwai a ƙauyen da alƙalami da takarda. Ƙirga gidajen da ake ɗora tukunya, ka ga injin niƙa nawa ke garin da ƙauyukan da ke kewaye, nawa ake biya a tiya, kuma mata nawa ne har yanzu suke daka a turmi domin ba su da kuɗin niƙa. In akwai mai inji a garin kuma yana wadatar da mutane, kada ka kafa naka. Baƙon da ya zo da kuɗin waje ya kashe wa ɗan gari kasuwa ya yi wa kansa maƙiyi tun bai buɗe baki ya yi wa'azi ba, kuma dangin mutumin ba za su manta ba.

Dogara ga sana'a a aikin bishara tsohon abu ne. Manzo Bulus ya yi ɗinkin tanti a Koranti tare da Akila da Bilkisu. Mishan na Basel ya kafa kamfanin ciniki a 1859 domin aikinsa a ƙasar da yau ake kira Ghana. Amma sharaɗin ɗaya ne tun can: sana'ar ta zama ta gaske. In shago ne na rufa ido, mutanen ƙauye za su gane kafin wata uku, domin sun san abin da inji ke kawowa a yini, sun kuma ga abin da kake ci. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ka faɗa wa mai gari tun ranar farko cewa kai Kirista ne, malamin ikilisiya, kuma ga sana'ar da za ka yi.

In lissafi ya nuna akwai gurbi, to ga yadda ake riƙe inji. A makon farko ka auna tiya nawa lita ɗaya ta gazuwal ke niƙawa, gero daban, masara daban, domin masara ta fi cin mai. A kan wannan awon za ka san ko farashin garin zai fitar da kai. Kowace yamma a kasa kuɗin da aka samu kashi biyar. A matsayin misali kawai, cikin kowace jaka ɗaya ta sefa, wato sefa 1,000: 400 na mai, 200 na yaron inji, 150 na gyara, 150 na asusun sayen sabon inji, 100 riba. Naka rabon zai bambanta, amma kashi na huɗun nan shi ne wanda kowa ke cinyewa, shi ne kuma dalilin da ya sa ake ganin gawar inji a bayan majami'u da yawa. Injin kyauta ba ya jin ciwo a jikin mai shi, sai ranar da ya tsaya.

Ka ajiye bel ɗaya na ko-ta-kwana da faifan niƙa biyu, domin in ɗaya ya dakushe ya tafi wurin mai wasawa aiki bai tsaya ba. Juyen baƙin mai bisa awannin aiki ake yinsa, ba bisa watanni ba, saboda haka ka riƙa rubuta awannin. Ƙurar gari da ta hunturu tana toshe matatar iska cikin 'yan kwanaki. Gazuwal na kwalba da ake sayarwa bakin hanya sau da yawa akwai ruwa ko datti a ciki, shi ke kashe famfon mai, gyaran da ya fi kowane tsada. A bar shi ya kwanta a jarka a tace da ƙyalle kafin a zuba.

Abin da ya fi lalacewar ƙarfe kashe irin wannan sana'a shi ne bashi. 'Yan ikilisiya za su ce injin na Ubangiji ne, maƙwabta za su ce ai malami ba ya hana. Ka sa farashi ɗaya ga kowa. In kana so ka taimaki gwauruwa, ka ciro daga aljihunka ka biya mata a gaban yaron inji, kuɗin ya shiga akwati. Kuɗin baikon ikilisiya da kuɗin inji kada su kwana a jaka ɗaya, kuma wani dattijo da ba danginka ba ya riƙa duba littafin kowane wata.

Sai batun iyaka. Tallafinka da naira zai zo, kashewarka da sefa, kuma canji na iya cinye rabin albashi ba ka yi laifin komai ba. Ka nemi dattawa su yanke maka tallafin da sefa. Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, don haka kada ka dogara da yadda aka saba shiga da. Ka bi ta hannun shugabannin ikilisiyar ƙasar, kamar EERN (Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar), su nuna maka takardun zama da ake nema yanzu, da harajin da ake biya a ofishin magajin gari.

Kwamitin noma na ikilisiyarmu ya samu kuɗi kaɗan, muna so mu raba dashen itatuwa 5,000 ga ƙauyuka huɗu. Wane iri ya fi jure fari? — Sakataren kwamiti, daga Tasawa

Ɗan'uwa, da za ku ji tamu, da ba ku sayi ko ɗaya ba a bana. Abin da kuke shirin yi shi ne abin da ma'aikatan mishan na SIM, wata ƙungiyar bishara ta ƙasa da ƙasa, suka yi ta yi a Maraɗi shekara da shekaru: a raini dashe a leda, a kai ƙauye, a dasa, a kewaye, kafin wata damina galibinsu sun mutu. Akuya, gara, iskar bazara da rashin mai ban ruwa sun isa. A 1983 wani masanin noma na mishan ɗin, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura cewa 'yan tsirrai da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu rai, da saiwarsu ta riga ta kai ga danshi. Abin da ya rage shi ne a daina kashe su. Wannan ne ake kira sassaben zamani.

Aikin ba ya buƙatar komai sai gatari ko adda mai kaifi. Lokacin sharar gona, manomi ya zaga ya zaɓi kututturan da zai bari: gawo, kalgo, sabara, magarya, aduwa, taramniya, ƙirya in an yi sa'a. Ga mai farawa, kimanin 40 a hekta ya isa, wato wajen taku ashirin tsakanin wannan da wancan. A kowane kututture a zaɓi toho mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, a sare sauran. Waɗanda aka bari a rage musu rassan gefe har zuwa rabin tsawonsu, kada a wuce. In aka aske su tas aka bar tuntu a kai, iska ko dabba na karya su. Sara daga ƙasa zuwa sama ake yi. In aka saro daga sama, reshen na ɓantaro ɓawon jikin itacen, nan ne cuta da gara ke shiga. A ɗaura wa kowanne tsumma mai launi domin mai wucewa ya san da mai shi. A dawo bayan wata biyu zuwa shida a cire sabon tohon da ya fito. Bayan 'yan shekaru manomi na iya sare sanda ɗaya a shekara don itacen girki ko ginin rumbu, ya bar wani toho ya maye gurbinta.

Gawo ya cancanci a tsaya a kansa. Yana kaɗe ganye da damina, lokacin da gero ke son rana, ya yi ganye da rani, lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abinci. Ganyen da ya zuba da kashin dabbobin da suka kwanta ƙarƙashinsa su ne takin. Kalgo da sabara kuwa suna tare ƙasar da iska ke kwasa, suna kare sabon shuka daga yashin da ke binne shi a farkon damina.

Ga darasin da ya fi shafar kwamitinku. A yunwar 1984 mishan ɗin ya haɗa wannan aiki da rabon abinci: ka bar itatuwa a gonarka, ka karɓi hatsi. Mutane suka bari. Da rabon ya ƙare, aka sare mafi yawan itatuwan, domin don hatsin aka yi, ba don itacen ba. Waɗanda suka riƙe nasu ne suka ga gonarsu ta canza, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, aiki ya bazu daga manomi zuwa manomi ba tare da an biya kowa ba. Bincike da hotunan tauraron ɗan'adam daga baya ya kiyasta abin ya kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Saboda haka kada ku biya kowa don ya bar itace a gonarsa.

Kuɗin naku ku kashe shi a kan abu biyu. Na farko, ku ɗauki mota ku kai manoma, maza da mata, su ga gonakin da suka daɗe da yi, kamar na Ɗan Saga a yankin Agye. Manomi ya fi yarda da bakin manomi. Na biyu, ku zaunar da taron da za a yi dokar gari, domin babbar matsalar ba fasaha ba ce, sata ce da saran dare. A taron dole a ga mai gari, liman, mata masu neman itace, da wakilan Fulani makiyaya. In aka yi doka ba da makiyayi ba, ba za ta kai kaka ba. Ku gayyaci ma'aikacin gandun daji shi ma. Da can tsoron tara ne ya sa manoma ke kashe toho tun yana ƙarami, tun da itacen da ya girma ya zama na gwamnati. A Yulin 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka da ta amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya raina a gonarsa, kuma ya kamata a karanta wa mutane ita da Hausa. Mai aron gona ko haya kuwa ba zai raini itace ba sai mai gonar ya yarda a gaban shaidu cewa yana da rabo.

Ni Musulmi ne, ina karanta mujallarku. Ku faɗa mini gaskiya: duk wannan rijiya da asibiti da hatsi ba tarko ba ne na sayen imanin talaka? — Wani malamin makaranta, daga Damagaram

Malam, mun gode da ka tambaya a fili. Ba za mu ce ba a taɓa yi ba. An yi, kuma akwai masu yi har yanzu, wasu da gangan, wasu don mai ba da kuɗi daga waje yana son a aika masa da adadin waɗanda suka tuba. Ba za mu kuma ce maka ma'aikacin mishan ba ya fatan ka karɓi bangaskiyarsa ba. Yana fata, kamar yadda mai da'awa ke fata. Inda magana take shi ne ko an ɗaura taimakon a kan wannan fata.

A rubuce, manyan ƙungiyoyin Kirista sun haramta haka. A 2011 Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya da ofishin Fadar Paparoma mai kula da hulɗa da sauran addinai da Ƙawancen Ikilisiyoyin Bishara na Duniya suka fitar da matsaya ɗaya, wadda ta ce amfani da talauci ko kwaɗaitarwa da abin duniya don jawo mutum ba shi da wuri a aikin bishara. Tun 1994 ma akwai ƙa'idar aikin agaji da ƙungiyar Red Cross da manyan ƙungiyoyin agaji, har da na Kirista, suka tsara, mai cewa buƙata kaɗai ake dubawa, ba addini ba. Amma takarda ba ta zuwa ƙauye da ƙafarta. Ga abin da za ka duba da idonka.

Wa ya rubuta sunayen masu karɓa? In fasto ne shi kaɗai a ɗakinsa, akwai matsala. Ya kamata kwamitin gari ya yi, a karanta a dandali, kowa ya ji. Ina aka haƙa rijiyar? In cikin shingen majami'a take, da ƙofa da makulli, ta coci ce. Rijiyar gari a filin gari take, da takardar mai gari. Ana tsare mutane a layi sai sun saurari wa'azi kafin a auna musu hatsi? Wannan tilas ne ko da an yi shi da murmushi, domin mai yunwa ba shi da ikon tashi ya tafi. Ana koya wa yara addini ba da sanin iyayensu ba? Wanda ya ce a'a, an rage masa wani abu a rabo na gaba? Asibitin Galmi yana aiki tun 1950, na kutare a Danja tun 1956, a ƙasar da kusan kowa Musulmi ne, kuma mafi yawan masu jinya da ke zuwa Musulmi ne, su warke su koma gida da addininsu. Ma'aunin da za ka riƙe ga kowane aiki ke nan.

Ga 'yan'uwa Kirista masu karanta wannan: wanda ya shigo don buhu zai fita ranar da buhu ya ƙare, ya bar ku da zargin da zai bi ikilisiyar shekara ashirin. A gari irin Damagaram, inda aka ƙone majami'u a Janairun 2015, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In liman ya nemi ganin littafin rabo, a buɗe masa. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Zumuntar Matanmu na son fara ba da rance ga mata don sana'a. Wata ikilisiya a birni ta ce za ta ba mu jari. Ta ina za mu fara? — Shugabar Zumuntar Mata, daga Birnin Ƙonni

Mama, ku yi musu godiya, ku roƙe su su mayar da kuɗin na horo da sayen akwati da littattafai. Jarin ya fito daga hannun matan. Mace ba ta wasa da bashin da ta san kuɗin maƙwabciyarta ne, amma "kuɗin coci" ko "kuɗin Turawa" kowa na ganin rabonsa ne.

Tsarin da ya fi dacewa a ƙofarku aka haife shi: Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, aka gina shi a kan adashin da mata suka saba, yanzu kuma ana yinsa a ƙasashe da dama. Mata 15 zuwa 25 su zaɓi junansu da kansu; kada ku haɗa su da jerin suna. Su zaɓi shugaba, marubuciya, mai ajiyar akwati da masu ƙirga biyu. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan na hannun mata uku dabam waɗanda ba sa cikin shugabanni, ba a buɗe shi sai a gaban taro. Kowane mako mace na zuba daga hannu ɗaya zuwa biyar, a buga mata hatimi a littafinta, domin wadda ba ta karatu ma ta iya ƙirga nata. Akwai ɗan asusu na daban don rashin lafiya da rasuwa, wanda ba a ba da rance daga cikinsa. Rance ba ya wuce ninki uku na abin da mace ta tara, kuma a biya cikin wata uku. Bayan wata tara zuwa shekara a fasa a raba.

Rabon ne ke kawo faɗa in ba a iya ba. A tattara duk bashi tukuna, a ƙirga kuɗin akwati, a raba da jimillar hannayen da aka zuba. Misali, hannu ɗaya sefa 250 ne, an zuba hannu 3,000, akwati ya tashi da 900,000: kowane hannu ya zama 300, mai hannu 150 ta ɗauki 45,000. A sa ranar fasawa ta faɗo lokacin da kuɗi ke da amfani, kamar gab da shuka.

Abubuwa uku ke rusa ƙungiya. Matar fasto ta zama shugaba ko mai ajiya, sai a rasa mai iya tambayarta. Miji ya turo matarsa ta karɓo masa rance. Sai kuma a ranta wa wanda ba ɗan ƙungiya ba don kunya, ko da kwamitin ginin majami'a ne. In akwai Musulmi a ƙungiyar, kuma ya kamata a ce akwai, a tattauna batun ƙarin da ake ɗorawa a kan rance tun zaman farko, domin da yawa za su ɗauke shi riba. Wasu ƙungiyoyi kan bar ƙarin gaba ɗaya, wasu kan sayi kayan da mace ke so, kamar gyaɗa ko buhun fulawa, su sayar mata da farashin da aka yi yarjejeniya, ta biya a hankali. A buɗe taro yadda kowa zai iya zama ba tare da ya ji an sa shi ibadar da ba tasa ba.

Bankin hatsin da aka kafa mana shekara uku da suka wuce ya koma fanko. Za a sake cika mana shi. Me za mu canza? — Wani dattijon ikilisiya, daga Dakoro

Baba, kusan tabbas bashi ne ya cinye shi, ko kuma an sayar da araha don tausayi har kuɗin ya kasa sake cika ɗakin. A sayi hatsi da kaka, Oktoba zuwa Nuwamba, a sayar daga Yuni zuwa Agusta, hannu da hannu, tiya-tiya, da iyakar abin da gida ɗaya zai saya a mako don kada ɗan kasuwa ya kwashe ta bayan fage. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne a lissafi, amma ku ɗauka 38 za ku sayar, saboda bushewa da zuba da ɓera. Farashin sayarwa ya ɗauke kuɗin saye, dako, buhu, ladan mai awo da wannan asara, sannan ya ɗan yi ƙasa da na kasuwa. Akwai shekarar da farashi ba zai tashi ba, ko OPVN, hukumar ajiyar abinci ta Nijar, ta kawo hatsin gwamnati mai rahusa kusa da ku. Saboda irin wannan shekara ake ajiye ribar shekara mai kyau, ba a raba ta.

Kuɗin da aka tara daga Agusta zuwa kaka shi ne ya fi shiga haɗari, domin lokacin ne kowa ke da uzuri. A kai shi asusu mai sa hannun mutum uku, cikinsu har da mace. Buhuna su hau katako, su bar bango da kamu biyu, kada a karɓi hatsin da bai bushe ba: a zuba ɗan kaɗan a busasshiyar kwalba da gishiri a girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin rana. Wake kuwa a sa shi a buhun PICS mai ruɓi uku, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a kuma duba ba ta huje ba kafin a zuba.